"Ni Na Kowa Ne, Kuma Ba Na Kowa Ba Ne": Da Me Jawabin Buhari Na 2015 Ya Kama Zukata?

Tun da Allah Ya yi wa tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari rasuwa a Landan ranar 13 ga Yulin 2025, akwai jimla guda da ta ƙi barin bakin mutane. Masoyansa na kawo ta a matsayin shaidar cewa mutumin bai taɓa zama yaron kowa ba. Masu sukarsa kuma na kawo ta a matsayin alkawarin farko da aka karya. Duka ɓangarorin biyu jimla ɗaya suke riƙe da ita, wadda ya furta da Turanci a dandalin Eagle Square da ke Abuja ranar 29 ga Mayun 2015: ni na kowa ne, kuma ba na kowa ba ne.

To me ya faɗa ke nan? Alkawari ne da za a iya kama mutum da shi, ko kuwa ado ne na magana? Kuma yaya aka yi jawabin mutumin da ko masoyansa ba su taɓa kiransa gwanin baki ba ya shiga zukatan miliyoyin mutane haka? Akwai ilimin da aikinsa ke nan, wato ya kwance jawabi kamar yadda bakanike ke kwance inji, ya nuna wane ƙarfe ne ke juya wane. Da shi za mu duba wannan jawabi.

Ƙofofi uku da magana ke bi

Wanda ya yi karatun zaure ya san ilimin balaga, ya kuma san yadda malamai ke bayyana shi: magana ta dace da halin da ake ciki da kuma wanda ake yi wa ita. Ya zo a hadisin da Bukhari ya ruwaito cewa lallai a cikin bayani akwai sihiri. Ke nan ba yau aka fara sanin cewa harshe na iya juya zuciya ba.

Masanin Girka Aristotal, wanda Larabawa ke kira Arisɗo, ya rayu sama da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma malaman Musulunci irin su Al-Farabi da Ibn Rushd sun yi wa aikinsa sharhi. Shi ya ce mai son ya shawo kan jama'a ta ƙofa uku yake shiga. Ta farko a Girkanci sunanta itos, wato halin mai maganar da mutuncinsa: ku yarda da ni saboda kun san ni. Ta biyu fatos, wato taɓa zuciyar mai sauraro da tsoro, ko fata, ko kunya, ko alfahari. Ta uku logos, wato hujja: dalili, lissafi, da nuna yadda wannan ke haifar da wancan.

Ba sai an je Girka ba kafin a gane su. A tsaya gaban mai tallar maganin gargajiya a kasuwa. Zai ce gadon gidansu ne, kakansa ma shi ya yi, wannan mutunci ke nan. Zai kwatanta maka yadda ciwon baya ke hana magidanci barci har ka ji naka ya motsa, wannan zuciya ke nan. Sannan ya lissafa saiwoyin da ya haɗa da yadda kowace ke aiki, wannan hujja ke nan. Babu ɗaya a cikin ukun da take laifi. Inda matsala take shi ne idan ƙofa ɗaya ta buɗe sosai har mai sauraro ya manta bai leƙa sauran ba.

Halin da aka yi jawabin a ciki

Ba za a fahimci jawabin ba sai an tuna yadda ƙasar take a lokacin. A watan Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok. A watan Agusta Boko Haram ta ayyana daularta a Gwoza, a watan Oktoba ta kama Mubi. Ranar 28 ga Nuwamba aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano, mutum fiye da 100 suka rasu. Farashin gangar ɗanyen mai ya faɗo daga sama da dala 100 zuwa wajen 60, jihohi da dama sun kasa biyan albashi, kuma a makon da ya gabaci rantsuwar an yi wahalar fetur da ta sa har bankuna suka rage lokacin aiki.

Ga kuma fargabar zaɓe. Ba a manta da rikicin bayan zaɓen 2011 ba, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka fiye da 800. Sai ga shi Buhari ya samu ƙuri'a miliyan 15.4, Goodluck Jonathan ya samu miliyan 12.8, Jonathan kuma ya buga waya ya taya shi murna tun kafin a gama sanar da sakamako. Karo na farko ke nan a tarihin Nijeriya da ɗan adawa ya kayar da shugaba mai ci.

Ke nan mutumin da ya hau mumbari a ranar yana gaban jama'a iri uku aƙalla: waɗanda suka zaɓe shi suna jiran canji gobe da safe, waɗanda ba su zaɓe shi ba suna ɗar-ɗar da tsohon soja, da kuma manyan da ke tsoron a tono tsohon lissafi. Jawabi ɗaya ne zai gamsar da su duka.

Jarin mutunci

Mafi yawan nauyin jawabin a kan ƙofar farko ya rataya, kuma Buhari bai zo dandalin hannu rabbana ba. Ya zo da suna da ya tara cikin shekara 30: shugaban mulkin soja daga ƙarshen 1983 zuwa Agustan 1985, shugaban asusun rarar kuɗin man fetur, PTF, a zamanin Abacha, mutumin da ya faɗi zaɓe sau uku, a 2003 da 2007 da 2011, bai fasa ba. A Arewa ba a ma cika kiran sunansa ba, sai a ce Mai Gaskiya. Wannan laƙabi shi kaɗai ya yi rabin aikin jawabin tun kafin a buɗe baki.

Amma sunan nan yana da ɗaya fuskar. Akwai waɗanda abin da suke tunawa shi ne doka ta 4 ta 1984 da aka ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor da ita, da 'yan siyasar Jamhuriya ta Biyu da aka tsare. Don haka farkon jawabin gaba ɗaya gyaran wannan fuska ne. Ya gode wa Jonathan, ya yaba masa da dattaku. Ya jinjina wa magoya bayansa da suka jure ruwa da rana a kan layi, suka kwana suna gadin ƙuri'arsu, maganar da duk wanda ya san taken "a kasa, a tsare, a raka" ya ji ta har cikin ransa. Bai tsaya nan ba, ya gode wa waɗanda ba su zaɓe shi ba. Sannan ya ce ya ji wasu na fargabar zai bi su da ramuwa, ya ce wannan fargaba ba ta da tushe, ba za a rama tsohuwar gaba ba.

A tsakiyar wannan ne jimlar ta zo, kuma a lura da abin da ya gabace ta. Sai da ya tuna wa jama'a cewa 'yan mintoci da suka wuce ya rantse da Littafi Mai Tsarki, wato Alƙur'ani, kuma yana da niyyar cika rantsuwarsa ya yi wa dukkan 'yan Nijeriya shugabanci. Wato sai da ya aza harsashin rantsuwa kafin ya ɗora jimlar a kai. Ga al'ummar da ta ɗauki rantsuwa da Alƙur'ani da girma, wannan jeri ba ƙaramin aiki ya yi ba.

Jimlar kanta, a ilimin balaga, irin adon da ake kira ɗibaƙi ce, wato a haɗa abu da kishiyarsa a numfashi ɗaya. Irin wannan gini na da daɗin ji da sauƙin haddacewa. Amma ƙarfinta na gaske yana cikin cewa kowa ya ji abin da yake son ji. Mutumin Kudu maso Gabas da bai zaɓe shi ba ya ji "na kowa", ya ɗan samu natsuwa. Wanda ke tsoron Bola Tinubu da sauran jiga-jigan APC za su riƙe masa linzami ya ji "ba na kowa ba", ya yi murna. Talakan da ya gaji da ubangida a siyasa ya ji an ce zamanin iyayen gida ya ƙare. Jimla ɗaya ta biya buƙatar mutum uku da buƙatunsu suka saɓa.

Akwai kuma abin da Hausa ta ƙara mata wanda babu a Turancin. Mafi yawan waɗanda suka zaɓi Buhari a Kano da Katsina da Bauchi ba a harshen da aka yi jawabin suka ji shi ba, fassararsa suka ji a rediyo da bakin mutane. A kunnen Bahaushe kuwa "na kowa" kirari ne. Nagari na kowa, mugu sai mai shi. Da an ce mutum na kowa ne an riga an yabe shi. Sannan rabin jimlar na biyu a Hausa harshen damo gare shi: "ba na kowa ba ne" na iya nufin babu wanda ya mallake ni, yana kuma iya nufin ba kowa ne nawa ba. A 2015 ma'anar farko aka ji. Bayan 'yan shekaru, waɗanda suka ji an bar su a baya sai suka koma kan ta biyu. Jimlar ba ta sauya ba, masu sauraro ne halinsu ya sauya.

Ga inda nake ganin an fi yin kuskure a muhawarar yau. Jimlar ba ta ƙunshi wani aiki da za a yi ba. Ba ta ce za a naɗa wane ba, ba ta ce za a raba muƙamai ta wace hanya ba. Siffanta kai ce. Siffanta kai kuwa ba a auna ta da ma'auni ɗaya da kowa zai yarda da shi, shi ya sa bayan shekara 10 ake ta jayayya a kanta ba a gama ba.

Sunayen da aka jera

Da ya juyo kan zuciya, Buhari bai bi hanyar kuka ko ɗaga murya ba. Tarihi ya ɗauko. Ya jera iyayen ƙasa: Herbert Macaulay, Nnamdi Azikiwe, Obafemi Awolowo, Sardauna Ahmadu Bello, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Malam Aminu Kano, J.S. Tarka, Eyo Ita, Dennis Osadebay, Ladoke Akintola. A duba jerin da kyau. Sardauna da Aminu Kano, na jam'iyyun NPC da NEPU masu adawa da juna, a layi ɗaya. Awolowo da Akintola, waɗanda rikicinsu ya jefa Jihar Yamma cikin dokar ta-ɓaci a 1962, a layi ɗaya. Tarka, wanda ya yi rayuwarsa yana neman a cire Tsakiyar Nijeriya daga ƙarƙashin gwamnatin Jihar Arewa da ke Kaduna, shi ma yana ciki. Ya ce sun bambanta a hanya amma manufarsu ɗaya. Masanin tarihi zai ce an sassauta labarin da yawa, kuma gaskiyarsa. Amma manufar jerin ita ce kowane yanki ya ji an kira sunan nasa, kuma ta cimma hakan.

Haka ya yi da dauloli: Daular Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Kanem-Borno, Oyo, Benin, da masarautar Sarki Jaja. Ya ce jininsu na gudana a jikinmu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a duk jerin nan babu mace ko ɗaya, alhali mata ma sun daɗe a kan layin zaɓe. Da an ambaci Hajiya Gambo Sawaba ko Funmilayo Ransome-Kuti da ba a yi asarar komai ba.

Bayan alfahari sai ya kawo kunya. Ya ce wasu daga cikin waɗanda suka gaji iyayen ƙasa sun yi kamar sangartattun yara, suna farfasa komai, suna hargitsa gida. Wannan kamance ya yi aiki biyu. Ya ba jama'a wanda za su ɗora wa laifi ba tare da an kama sunan kowa ba, alhali wasu daga cikin magadan suna zaune a rumfar manya a ranar. Kuma idan waɗancan yara ne, to mai maganar uba ne da ya dawo ya tsawatar. Ga mutanen da suka yi wata da watanni suna kiran "Sai Baba", hoton ya zauna daram. Sai dai uba ba a cika tambayarsa lissafi ba, kuma wannan na daga cikin abin da ya jinkirta tambayoyin da ya kamata a fara yi tun shekarar farko.

Ya rufe da baitocin Shakespeare daga wasan Julius Caesar, masu cewa al'amuran mutane na da igiyar ruwa, wanda ya hau ta a kan lokaci ta kai shi ga nasara, wanda ya bari ta wuce ya ƙare a cikin taɓo. Sannan ya ce muna da dama, mu yi amfani da ita. A cikin wasan, Burutus ne ya faɗi wannan yana matsa wa abokinsa su fita yaƙi a Filibi, yaƙin da aka ci su. Wannan ba ya rage wa maganar gaskiya, amma yana nuna yadda ake ciro kalma daga mazauninta a ba ta sabon aiki. Baitocin dai ba don mai sayar da goro a Kurmi aka sa su ba. An sa su ne don 'yan boko da baƙin ƙasashen waje, irin su sakataren harkokin wajen Amurka John Kerry da ke wurin, su ji cewa tsohon sojan ya san adabi.

Hujja: an gano cuta, ina magani?

A nan ne jawabin ya fi ban sha'awa, a nan ne kuma ya fi rauni.

Wajen gano cuta, da wuya a samu jawabin rantsuwa a Nijeriya da ya kai shi fito-na-fito. Kan Boko Haram ya ce misali ce ta yadda ƙaramar wuta ke zama gobara: mai wa'azi da ke da mabiya kaɗan ya samu suna bayan mutuwarsa saboda 'yan sanda sun kashe shi ba tare da shari'a ba, sannan sakaci da ganganci da haɗin baki suka bar abin ya girma. Yana nufin kisan Muhammad Yusuf, jagoran ƙungiyar na farko, a Maiduguri a Yulin 2009. Shugaban ƙasa ya tsaya gaban hafsoshin tsaro ya ce hukuma na da hannu a asalin fitinar, wannan hujja ce ta gaske, mai nuna sanadi da sakamako. Ya kuma ce ƙungiyar ta yi nesa da Musulunci iyakar nisa, maganar da ta yi nauyi saboda Musulmi ne ya faɗe ta.

Daga nan ya fitar da mataki guda ɗaya tilo da ke da wuri da suna: ba za a ci yaƙin daga Abuja ba, za a mayar da cibiyar ba da umarni Maiduguri har sai an murƙushe ƙungiyar. Ya kuma kafa wa kansa ma'auni, cewa ba za a ce an ci Boko Haram ba sai an ceto 'yan matan Chibok da duk sauran waɗanda ake riƙe da su. Ya gode wa Nijar da Chadi da Kamaru da suka sa sojojinsu a yaƙin.

A lura da abin da ya faru da wannan ɓangare. Saboda maganar a fili take, an iya bin sawunta. Cikin makon farko ya je Yamai da Njamena. A watan Yuni rundunar soja ta sanar da kafa cibiyar a Maiduguri. An sako 'yan matan Chibok 21 a Oktoban 2016, wasu 82 a Mayun 2017. Haka kuma da ya ce a Disambar 2015 an ci ƙarfin Boko Haram, ma'aunin da ya kafa da bakinsa ne mutane suka ɗauko suka ce ba a kai can ba, don har ya sauka a 2023 akwai 'yan matan da ba su dawo ba. Magana mai ma'auni ke nan: tana ba mai mulki damar nuna aikinsa, tana ba talaka damar kama shi.

A kwatanta da wutar lantarki. Ya ce abin kunya ne ƙasa mai mutum miliyan 180 tana samar da megawat 4,000 kacal, abin da take rabawa ma bai kai haka ba, bayan an kashe kusan dala biliyan 20 tun 1999. Alƙaluma ne masu ƙarfi. Amma da aka zo kan magani, sai ya ce ana nazari don gano hanya mafi sauri da araha. Babu megawat nawa za a kai, babu a wace shekara. Alƙaluman sun auna laifin waɗanda suka wuce, ba su auna aikin mai zuwa ba. Wannan dabara ce da ya kamata mai sauraro ya riƙa ganewa: lamba a cikin jawabi na sa a ji kamar an zo da hujja, amma sai a duba wa lambar ta ɗaure.

Haka batun rashin aikin yi: za a farfaɗo da noma da ma'adinai, a ba ƙananan masana'antu rance. Haka cin hanci, wanda shi ne ginshiƙin yaƙin neman zaɓensa, an ambace shi a cikin jerin matsaloli aka ce za a tunkare su gaba-gaɗi. A duk waɗannan wurare inda hujja ta ƙare, mutunci ne ya cike gurbin: ba za ku yi nadamar ba mu amana ba.

Abin da ya fi damuna a jawabin gaba ɗaya jimla ce guda. Bayan dogon bayani kan Boko Haram, sai ya ce akwai kuma garkuwa da mutane, da fashi, da rikicin manoma da makiyaya, da satar shanu. Layi ɗaya aka ba su, aka wuce. A lokacin ƙauyukan Zamfara da Birnin Gwari sun riga sun fara binne mutanensu. Mutumin da ya gama yi mana bayanin yadda ƙaramar wuta ke zama gobara bai ɗora wannan hujja tasa a kan wutar da ke ci kusa da garinsu ba. Shekara biyar da rabi bayan nan, a Disambar 2020, aka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara yana Daura.

Masu yabo da masu suka

Masu kare jawabin suna da hujja da ba za a raina ba. Suna cewa jawabin rantsuwa ba kasafin kuɗi ba ne, aikinsa ya kwantar da hankalin ƙasa bayan zaɓe mai zafi, kuma ya yi hakan. Suna cewa "ba na kowa ba ne" ta tabbata tun ranar 9 ga Yunin 2015, lokacin da Bukola Saraki da Yakubu Dogara suka zama shugabannin majalisa saɓanin zaɓin jam'iyya, Buhari bai sa baki ba, ya ce zai yi aiki da duk wanda aka zaɓa.

Masu suka kuma na nuna watan Yulin wannan shekarar, inda a Washington ya ce mazaɓun da suka ba shi kashi 97 ba za a yi musu daidai da waɗanda suka ba shi kashi 5 ba a wasu al'amura, ko da yake ya ƙara da cewa za a yi wa kowa adalci. Suna nuna tsare Sambo Dasuki, tsohon mai ba Jonathan shawara kan tsaro, daga Disambar 2015 zuwa Disambar 2019 duk da belin da kotuna suka bayar, gwamnati kuma ta ce batun kuɗin makamai ne ba ramuwa ba. Suna nuna arangamar sojoji da 'yan Shi'a a Zariya a Disambar 2015, inda hukumar binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa ta ce sojoji sun kashe mutum fiye da 340, wata shida da rabi bayan jawabin da ya yi tir da kisa ba shari'a. Suna kuma tuna hirar Aisha Buhari da BBC Hausa a Oktoban 2016, inda ta ce wasu 'yan tsiraru sun karɓe ragamar gwamnatin.

Ni a ganina jawabin ba yaudara ba ne. Na yarda mutumin ya faɗi abin da ya ɗauki kansa a kai. Amma jawabi ne da ya nemi a ba shi bashi a kan mutunci, ba tare da an rubuta ranar biya ba, mu kuma muka bayar da hannu biyu. Guraben da ya bari, mu muka cike su da burinmu. Wani ya ji an ce shinkafa za ta yi araha, wani ya ji an ce za a ɗaure ɓarayi cikin wata uku, alhali babu ko ɗaya a cikin rubutun.

Me ya shafi mai cefane?

Wani zai ce wannan duk zancen 'yan boko ne, jawabi ai iska ne. Shekara takwas cif bayan na Buhari, a dandali ɗaya, an ga akasin haka. Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Shi ma ya kawo hujja, cewa kasafin da ya gada bai tanadi kuɗin tallafin ba bayan watan Yuni, kuma za a karkatar da kuɗin zuwa ilimi da lafiya da hanyoyi. Kafin dare gidajen mai sun fara rufewa. Cikin kwana biyu litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a Abuja da Kano, kuɗin mota da na masara suka bi bayanta.

Jawaban biyu sun tsaya a gefe biyu. Na 2015 ya cika da siffanta kai, aikin da aka ambata kaɗan ne, don haka ya ɗauki shekaru kafin mutane su gane abin da ba a faɗa ba. Na 2023 ya ƙunshi jimla da ita kanta aiki ce, ta fara ci tun ba a sauko daga mumbari ba. Amma a wuri ɗaya sun haɗu. Ɓangaren da zai ci aljihun talaka ya zo da rana da lokaci, ɓangaren da zai amfane shi kuma ya zo a sigar "za mu". Makarantu nawa, asibitoci nawa, a wace shekara, ba a faɗa ba.

Ga zaɓen 2027 na tafe, za a sake cika rediyo da waya da jawabai, kuma galibin masu jefa ƙuri'a a Arewa ta hanyar fassara za su ji su. A nan nauyi ya hau kan masu fassara da masu gabatar da shirye-shirye, domin su ne ke zaɓar jimlar da za a maimaita har ta zama take. A 2015 an maimaita "na kowa" har yara suka haddace. Maganar asusun haɗin gwiwa na jihohi da ƙananan hukumomi, wadda ita ma tana cikin jawabin kuma ita ce ta shafi albashin malamin firamare da maganin asibitin ƙauye, kusan babu wanda ya riƙe ta. Buhari ya ce a ranar ba zai zuba ido a ci amanar jama'a a wannan mataki ba, gwargwadon yadda tsarin mulki ya ba shi dama. Sai ranar 11 ga Yulin 2024, bayan ya sauka da fiye da shekara guda, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye.